Za ka Agadas na kwana uku? Ga abin da za ka zuba a jaka da wanda za ka bari a Zariya

Makon da ya wuce ɗan yayata ya shigo min gida nan Tudun Wada bayan isha'i yana jan wani ƙaton akwati mai taya, wai Kawu dan Allah zo ka duba min ko na manta wani abu, jibi za mu tafi Agadas ɗaurin auren abokinmu kuma an ce bayan biki za a fita da mu bayan gari mu kwana ɗaya a cikin rairayi. Na ce toh buɗe mu gani. Shadda kala 5 duk sun sha sitati da guga, takalmi sau-ciki ƙafa 2, turare kwalba 3, wandon jins, ƙananan riguna masu gajeren hannu, har da dutsen guga. Babu rawani, babu rigar sanyi, babu gorar ruwa ko guda ɗaya. Na ce zauna yaro, muka zazzage akwatin a kan tabarma muka fara daga farko, kuma abin da na gaya masa a daren shi zan rubuta a nan, dan na san ba shi kaɗai bane, mu mutanen Zazzau idan aka ce tafiya sai mu haɗa kaya kamar za mu biki Kano ko Kaduna.

Matsalar ita ce muna ganin mun san zafi. Mun ga Maris da Afrilu a Zariya, mun kwana a tsakar gida da mafici, sai mu ce ai zafi zafi ne. Wallahi ba ɗaya bane. Zariya tana samun ruwan sama wajen milimita 1,000 a shekara, Agadas ko 150 ba ta cika kaiwa ba, daga Afrilu zuwa Yuni kuma zafin rana yakan wuce digiri 40 kusan kullum, kuma busasshen zafi ne, gumi yana fitowa iska tana shanye shi nan take, rigarka ba za ta jiƙe ba sai kaga kamar baka gumi alhali ruwan jikinka tafiya yake yi. Sannan idan lokacin hunturu ne, Disamba ko Janairu, garin da ya gasa ka da azahar shi ne zai sa ka karkarwa da asuba, a cikin gari ma yakan sauka wajen digiri 10 zuwa 12, a daji da kan duwatsun Abzin ya fi haka sauka sosai. Kenan kayan gari biyu za ka haɗa a jaka ɗaya, kuma dole jakar ta zama ƙarama.

Fara da jakar kanta. Akwati mai taya na filin jirgi ne da tayil, a cikin yashi tayar bata juyawa sai dai ka ɗora shi a ka. Hanyar da yawanci ake bi daga nan ita ce Zariya zuwa Kano, Kano zuwa Daura a tsallaka boda ta Kwangwalam, a wuce Matamaye a shiga Damagaram a kwana, washegari a kama hanyar Tanut da Adarbisinat wajen kilomita 450 kafin a ga hasumiyar Agadas. Ka lissafa sau nawa za a sauke kayanka a ɗora, a ɗaure da igiya a saman mota, wani ya zauna a kai. Jakar goyo mai ƙwari ko jakar hannu ta yadi mai zif mai kyau ta ishe ka, sai ƙaramar jaka ta rataye wadda ba za ta rabu da jikinka ba. Ka samu babbar leda mai kauri ko jakar bakko ka zura babbar jakar a ciki kafin a ɗora ta a sama, in ba haka ba ƙura za ta shiga har cikin aljihun rigar da ka ninke.

Sutura kuwa, ka kalli mutanen wurin kawai ka kwaikwaya. Ɗaruruwan shekaru suna zaune a cikin wannan rana kuma ba za ka ga Ba'abzine yana yawo da singileti ba, daga kai har ƙafa a rufe yake. Mu nan idan zafi ya yi tuɓewa muke, can idan ka tuɓe ka ba rana da iska fatarka ne su gasa su busar. Abin da ake so shi ne yadi na auduga mara nauyi, sako-sako, dogon hannu, mai launi mai haske, wanda iska za ta shiga ta zagaya ta fita. Jallabiya ko kaftani mai laushi wanda aka sha wankewa ya fi sabuwar shadda sau goma, dan sitati yana toshe ƙofofin yadi kuma idan gumi ya bushe a wuya sai ya dinga gurzar ka kamar takardar yashi. Yadin roba mai ƙyalli ɗin nan da ake yayi ka bar shi gida, jins ma haka, nauyi ne kawai da matsi. Na ce wa yaron ya zaɓi shadda ɗaya tak ta ranar ɗaurin aure da hularta, sai kaya 2 marasa nauyi bayan wanda ke jikinsa, singileti na auduga 4, gajeren wando 4. Ya ce Kawu ba za su isa ba, na ce ka wanke riga a Agadas ka shanya kafin ka gama shan shayi ta bushe, ɗan sabulun wanki guda ɗaya ya maye maka gurbin kaya kala 3.

Sai rawani, kuma a nan zan daɗe dan shi ne abin da samarinmu ke jin kunya. A Zariya rawani na masu sarauta ne da malamai, yaro ɗan shekara 25 ya naɗa sai a fara tambaya sarautar me aka ba shi. Can kuwa kayan aiki ne kamar yadda hular kwano take ga ɗan acaɓa. Ka sayi yadi fari ko mai ruwan ƙasa na auduga shara-shara kamar mita 4 zuwa 5, a kasuwar Sabon Gari akwai, in kuma ka bari sai ka isa kasuwar Agadas ya fi ma dan mai shagon zai naɗa maka a take ya koya maka, amma hanyar Tanut ɗin ma tana buƙatarsa shi yasa na fi so a tafi da shi daga gida. Yana tare maka rana a ka da ƙeya da kunne, ka ja amawali ka rufe hanci da baki sai numfashinka ya riƙe ɗan danshi maƙogwaro bai bushe ba, idan iska mai yashi ta taso ka bar ido kawai, idan zafi ya kai maƙura ka ɗan jiƙa shi da ruwa kaɗan kaji kamar an kunna maka fanka. Da dare matashin kai ne, da rana inuwa ce in ka ɗaura shi jikin mota, in an ji rauni bandeji ne. Wancan baƙin mai sheƙi da kake gani a hotuna, turkuɗi, abin mamaki a Kura ta Kano ake rina shi a buga a kai musu, yana da tsada kuma yana zuba a fata, na ado ne da ranar taro, kai dai nemi fari. Hula mai malafa ma tana taimako amma iska tana ɗauke ta kuma bata rufe hanci. Baƙin gilashi mai kyau ka haɗa da shi, hasken da ke dawowa daga yashi yana sa ciwon kai.

Ke kuma 'yar'uwa ko Hajiya, ke kin fi mu sa'a dan suturarki dama mai rufewa ce, gyara kaɗan ne. Hijabin roba baƙi mai kauri ɗin nan zai dafa ki, ki nemi na auduga mai haske ko lafaya mara nauyi ko babban mayafi, doguwar riga sako-sako da dogon wando a ciki saboda hawa da sauka daga mota da zama a ƙasa. Ki yi kitso ƙanana kafin ki tafi ki ɗaure da ɗankwali, yashi idan ya shiga gashi sai an dawo gida ake rabuwa da shi. Man kaɗe ko basilin a ƙaramin gwangwani mai murfi mai ƙarfi a cikin leda dan zai narke, audugar mata ki tafi da isasshiya ko da lokaci bai yi ba, da baƙar leda ta zuba wadda aka yi amfani da ita, da zani ɗaya na daban, a fili babu banɗaki babu bishiyar kirki, 'yar'uwarki ce za ta riƙe miki zanin ya zama labule. Kayan kwalliya masu narkewa ki rage, kwalli da man leɓe sun wadatar.

Takalmi biyu, shikenan. Ɗaya buɗaɗɗe mai kaurin ƙasa da maɗauri na yawo cikin gari da alwala, ɗaya rufaffe irin kambas wanda ƙafarka ta saba da shi na fita daji. Silifas ɗin roba na banɗaki kar ka dogara da shi, yashin azahar yana ƙona ƙafa ta gefe kuma ƙaya tana huda shi kamar ba komai. Sabon takalmi kuma kar ka fara gwada shi a tafiya. Safa ƙafa 3 ta auduga. In kun tsaya a hanya wajen Tanut ka kula da ƙarangiya, tana maƙalewa a ƙafar wando da safa, ɗan hantsaki ko abin yanke farce zai yi maka amfani. Kuma duk safiya a daji kafin ka zura ƙafa ka kife takalmin ka bubbuga, kunama tana son wuri mai duhu da ɗumi, haka bargo da jaka ka kakkaɓe, zif kuma ya kwana a rufe.

Maganar dare. Wanda ya taɓa fita sallar asuba a Samaru cikin Janairu ya san me ake kira sanyi, toh ka ƙara masa iska da rashin bango. Dalilin shi ne iskar hamada babu danshi babu gajimare da zai riƙe zafin rana, rana na faɗuwa yashi ya saki zafinsa gaba ɗaya ya tafi sama. In tafiyarka tsakanin Nuwamba da Fabrairu ce ka shiga gwanjo ka sayi jaket mai tare iska da suwaita ɗaya da hular sanyi, ka tambayi mai masaukinka ko akwai bargo a motar, in babu ka ɗauki naka mara nauyi ka naɗe shi da igiya a wajen jaka. In lokacin bazara ne suwaita mara kauri ta isa saboda sanyin asuba. Jaket ɗin ka sa shi a jiki ko ka rataya ranar tafiya, kar ya cinye maka wuri.

Toh ruwa, wanda duk abin da na faɗa a sama in aka haɗa bai kai shi ba. Ka lissafa wa kanka aƙalla lita 4 zuwa 5 na sha a wuni idan za ku wuni a waje lokacin zafi, banda na alwala da girki. Ba daga Zariya za ka ɗauko shi ba, a Agadas za ka saya, amma gorar ka taho da ita, roba mai lita ɗaya da rabi guda 2 masu murfi mai kyau. Dabara ɗaya da na koya a can, ka zura gorar a cikin tsohuwar safa mai kauri ko ka naɗe ta da guntun buhun algarara, ka jiƙa ka rataye inda iska ke bugawa, ruwan zai yi sanyi kamar na randa, hikimar salka ce dai da ake ratayawa a jikin raƙumi ko mota. Kafin ku bar gari ka tambayi direba da bakinka jarka nawa aka ɗauka kuma mutum nawa ne, kar kunya ta hana ka, kuma a ƙara na kwana ɗaya a kan lissafi dan mota tana iya lalacewa ko ta kafe a yashi. Karon farko da na fita haka ta same mu, taya biyu suka fashe a rana ɗaya muka zauna tun hantsi har bayan la'asar a gindin wata 'yar bishiya, abin da ya rufa mana asiri jarka biyu da wani dattijo a cikinmu ya dage sai an ƙara tun a gari, a lokacin har wasu na cewa nauyi ne.

Sha kaɗan-kaɗan a kai a kai, kar ka jira ƙishirwa, kuma ka dinga duba fitsarinka, in ya yi ja ko ya yi ƙaranci ruwa ya yi maka kaɗan. Ruwa zalla kuma baya mayar da gishirin da gumi ya fitar, dan haka ka shiga kemis ka sayi ƙullin gishiri da sukari na O.R.S. kamar 6, basu da nauyi basu da tsada. In babu, lita 1 na ruwa mai tsafta, ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, kar a ƙara gishirin. Shayin Abzinawa da ake dafawa zagaye uku a ƙananan kofuna za a baka kuma ka karɓa ka sha, akwai daɗi akwai zumunci a ciki, sai dai baya zama madadin ruwa. Ruwan rijiya in ya zama dole a tafasa ko a jefa ƙwayar tsaftace ruwa irin Aquatabs a jira minti 30. Idan kuma ruwa ya yi ƙaranci addini ya sauƙaƙa, ga ƙasa mai tsarki ko'ina ka yi taimama, tunda kuma tafiya kake ka yi ƙasaru, azumin nafila ka ɗaga shi sai ka dawo gida. Ƙaramar buta da sallaya mara nauyi dai kar a manta.

Ka san alamun da ke nuna rana ta bugi mutum, dan watakila ba kai bane abokin tafiyarka ne. Ciwon kai, jiri, tashin zuciya, murɗewar tsoka, wannan matakin farko ne, a kai shi inuwa a sassauta masa kaya a ba shi ruwan gishiri da sukari. In ya fara sambatu ko ya rikice ko jikinsa ya yi zafi rau ko ya suma, wannan ba na jira bane, a jiƙa shi da ruwa a yi masa fifita, kar a ɗura masa komai a baki in baya cikin hayyacinsa, a juya mota zuwa asibiti.

Sauran magunguna ƙaramar leda ɗaya ce, parasitamol, filasta, bandeji, maganin ɗigawa a ido na wanke ƙura, basilin na leɓe da diddige da cikin hanci dan busasshiyar iska tana sa haɓo da faso. Mai asma inhelarsa a aljihu da takunkumi. Mai hawan jini ko ciwon suga ya ɗauki maganinsa a cikin kwalinsa na asali da takardar likita, ya ƙara na kwana 3 a kan lissafi, ya kuma ga likitansa kafin tafiya dan wasu magungunan hawan jini suna ƙara fitsari, allurar insulin kuma zafi yana lalata ta sai an sa ta a ƙaramar kula. Allurar rigakafin shawara da katinta mai ruwan ɗorawa ka nemo, ta sanƙarau ma in baka yi ba ka yi, lokacin zafi da ƙura ne lokacinsa. Abin da ba za ka ɗauka ba ko da wasa shi ne tiramol da kodin, haka garin magani na gargajiya a ƙulle a leda babu suna, a shingen bincike zai jawo maka dogon bayani. Kuma duk wanda ya baka saƙo a tasha ko a unguwa, ko ɗan'uwanka ne, a buɗe a gabanka ka gani ko ka ce a yi haƙuri.

Takardu. Fasfo ɗinka in kana da shi shi ne gaba, da katin ɗan ƙasa, da katin rigakafi, ka yi musu hoto a waya ka kuma yi kwafi 2 a takarda ka raba wuri, da ƙananan hotunan fasfo 4. Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025 tare da Mali da Burkina Faso, bodar ma an rufe ta bayan juyin mulkin Yulin 2023 sai a Maris 2024 aka buɗe, dan haka kar ka dogara da labarin wanda ya je shekaru biyar da suka wuce, nemi direban da ya tsallaka a wannan watan ko ka je ofishin shige da fice ka tambaya. Wani abu da mutane ke mantawa, Agadas ita ce mashigar masu tafiya Libiya, saurayi ɗan Najeriya da jaka a baya dole a tambaye shi ina za shi. Ka rubuta sunan mai masaukinka da unguwarsa da lambarsa a takarda da biro, ba a waya kaɗai ba, ka riƙe katin gayyatar bikin in akwai. Ka amsa tambaya cikin ladabi, Hausa ake yi, za a fahimce ka.

Kuɗi sefa ne, ka canza a kasuwar 'yan canji ta Wapa in ka biyo Kano ko a bakin boda, katin bankinka na naira kar ka sa rai da shi. Ka nemi ƙananan takardu, 500 da 1,000 da 2,000, dan mai shayi ko mai adaidaita ba zai sami canjin 10,000 ba. Sannan ka koyi ƙirga irin tasu tun daga gida, nan ne 'yan Najeriya ke ruɗewa. Da dala suke lissafi, dala ɗaya sefa 5 ce, in mai kaya ya ce dala ashirin yana nufin sefa 100, dala ɗari sefa 500, jikka ɗaya kuma sefa 1,000 ce, ba naira 200 da muke kira jaka a nan ba. Duk abin da aka faɗa da dala ka ninka sau 5 a ranka kafin ka ce ya yi tsada ko araha. Ka raba kuɗin gida uku, na kashewa a aljihu, na ajiya a jakar rataye, kuɗin motar dawowa kuma a wani wuri da ba za ka taɓa ba ko me ka gani a kasuwa.

Waya da caji. Soket ɗinsu mai rami biyu zagayayyu ne irin na Faransa, cajarka mai ƙafa uku ba za ta shiga ba sai da adafta, ka saya tun nan. Fawa banki ɗaya mai kyau a cike, da igiyar caji ta biyu. Zafi yana kashe batir, kamfanin Apple ma cewa ya yi a yi amfani da wayarsa tsakanin digiri 0 da 35, dan haka kar ka bar waya ko fawa banki a gaban gilashin mota ko a kan yashi, ka naɗe su a tsakiyar kaya, ka sa waya a leda mai zif saboda ƙura. In kana da ƙaramar waya mai tocila wadda caji ke kwana 4 ka tafi da ita. Layin can kamar Airtel ko Moov ko Zamani za ka iya saya a Damagaram da takardar shaidarka. Kuma ka gaya wa mutanen gida tun kafin ka fita cewa za a yi kwana ɗaya ko biyu ba a same ka ba, babu sabis a daji, kar Hajiya ta kwana tana kuka a Zariya kai kana can kana kallon taurari. Tocila mai ɗaurawa a goshi ta fi ta hannu. Jirgi mara matuƙi na ɗaukar hoto, riga ko wando ko jaka mai kalar kakin soja, duk a bar su gida, kuma kar ka ɗaga waya a shingen jami'an tsaro ko kusa da bariki.

Guzuri kaɗan ya isa, dabino, ƙuli-ƙuli, soyayyiyar gyaɗa, garin kwaki da sukari, biskit. Kilishi akwai daɗi amma gishiri da yajinsa suna jawo ƙishirwa, bar shi sai dare, kuma can ma gidansa ne. Dafaffen ƙwai da dambun kifi da duk abin da ke narkewa ko lalacewa a manta da su. A daji watakila a gasa muku tagella, gurasar da ake binnewa a cikin yashi mai zafi da garwashi, ka ci wallahi ba za ka manta ba. Ka riƙe wa mai masauki ɗan abin hannu daga Zazzau, hula ɗinkin hannu ta cikin birni, turare, yaji mai kyau ko busasshiyar citta, wa mutanen da za ku tarar a daji kuma ganyen shayi da sukari sun fi komai daraja.

Abu ɗaya da ba a sawa a jaka amma dole in faɗa, yanayin tsaro a arewacin Nijar yana canzawa, kar ka fita bayan gari sai da ɗan gari wanda mai masaukinka ya sani ya kuma yarda da shi, a mota mai lafiya, kuma in ya ce wannan makon ba a fita toh ba a fita, kar ka yi gardama dan ka riga ka sayi rawani. Tafiyar kwana uku ba ta shiga tsakiyar hamadar Tenere bace inda ayarin gishiri ke bi zuwa Bilma, wurin da wata bishiya guda ɗaya tilo ta zama alamar hanya har mota ta buge ta a 1973. Kusa da gari ma akwai abin kallo ya ishe ka. In damina ce, Yuli zuwa Satumba, kar ku shimfiɗa a cikin busasshen rafi da suke kira kori duk laushin yashinsa, ruwa yana iya sauka a kan duwatsu inda baku gani ba ya taho da dare. In ma ba a fita ba baka yi asara ba, tsohon garin kansa UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2013, ga masallacin da aka fara ginawa a 1515 aka sabunta a 1844 da hasumiyarsa ta ƙasa mai tsawon mita 27, duk Bazazzagin da ya san aikin shahararren maginin nan Babban Gwani a masallacin Juma'a na ƙofar fadar Zazzau zai tsaya ya daɗe yana kallo.

Wajen zubawa, abin da ba za ka taɓa ba sai an isa shi ne a ƙasa, shaddar biki a naɗe a leda da takalmi na biyu, sai kayan sawa a nannaɗe ba a ninke ba, sai leda ta sabulu da soso da burushi da ƙaramin tawul, magani da caja a sama. Rawani a wuya, gora a hannu, takardu da kuɗi da waya a jakar rataye. Ranar fita daji babbar jakar ta zauna a masauki, ka ɗauki kayan sanyi da ruwa da magani da tocila da sallaya kawai. Ka bar kamar kashi ɗaya cikin huɗu na jakar babu komai saboda tsaraba, dan za ka ga cuku da dabino da takalman fata da sarƙar azurfa mai alamar Agadas kuma ba za ka iya wucewa ba.

Yaron dai ya tafi da jakar goyo ɗaya da bargo a ɗaure a samanta, na raka shi Kwangila da asuba na naɗa masa rawanin da hannuna yana ta sunkuyar da kai dan abokansa na kallo. Akwatin da shadda huɗu da dutsen gugar suna nan a ɗakina sai ya dawo, na ce masa cuku nake so, mai kauri, kuma ya kira uwarsa da zarar sun shiga Damagaram.